Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga likitocinmu da ke asibitocin unguwa a Ingila: ku dubi wanda ya kawo mara lafiya

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu 'yan ƙasar Hausa da ke aiki a asibitocin unguwa na Ingila, waɗanda a nan ake kira GP: likitoci, da nas-nas, da masu harhaɗa magani, da manajoji, da masu zama a teburin karɓar marasa lafiya. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ɗawainiyar jama'a. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara muku lafiya da basira.

Ni 'yar'uwarku ce, ina zaune a arewacin Ingila, kuma ina jinyar maigidana tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Amma wasiƙar nan ba tawa ce ni kaɗai ba. Akwai zaman da muke yi ranar Asabar bayan mun kai yara Islamiyya, kuma a hankali muka gane cewa da yawa daga cikinmu jinya muke yi a gida. Cikinmu akwai uwar yaro mai sikila, akwai mai kula da surukarta da gigin tsufa ya kama, akwai uwar yaro mai lalurar galahanga, akwai kuma wani magidanci da ke aiko mana da saƙo ta bakin ƙanwarsa, saboda matarsa tana zuwa wankin ƙoda sau uku a mako kuma shi ne direba, shi ne mai girki, shi ne mai raino. Da yawunsu nake magana, kuma sun ji abin da na rubuta kafin in fitar da shi.

Abin da ya tunzura mu shi ne, kwanakin baya ɗaya daga cikinmu ta yanke jiki ta faɗi a kicin. Jininta ne ya hau. Aka kwantar da ita, sai ga shi babu wanda ya san cewa a gida ta bar dattijuwar da ba ta iya kunna murhu ba, ba ta kuma iya tuna ko ta sha magani. Maƙwabciya ce ta ankara. Da aka duba bayananta a asibitin unguwarsu, inda ta yi shekaru tana kai dattijuwar nan tana dawo da ita, babu ko layi ɗaya da ya nuna cewa ita mai jinya ce. Sun san fuskarta sarai, sun san muryarta a waya, amma a takarda babu ita.

Na zaɓi in rubuto muku da Hausa, ku musamman, ba don laifinku ya fi na sauran abokan aikinku ba. Dalili shi ne ku ne kuka san gida biyu. Kun san yadda jinya take a Kano da Zariya da Maraɗi: mai jinya ta shimfiɗa tabarma a gefen gado, da rana 'yar'uwa ta karɓe ta, da yamma a kawo kwanon tuwo daga gida, 'yan dubiya su shigo su fita, kowa ya ajiye abin da ya sawwaƙa. Wahala ce, amma wahalar da ake rabawa. Kun kuma san yadda take a nan: mace ɗaya, ɗaki biyu a hawa na uku, ƙofa a rufe, dangi suna can sai dai a gaisa a WhatsApp. Kuma kun san NHS, hukumar lafiya ta ƙasar nan, daga ciki, kun san abin da doka ta riga ta tanadar wa masu jinya. Mu kuwa mafi yawanmu ba mu da wata ƙofa ta shiga wannan tanadi sai taku, domin asibitin unguwa ne kaɗai wurin hukuma da muke zuwa ba tare da fargaba ba.

Ba mu kaɗai ba ne a wannan hali. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa mutum miliyan 5 ne a Ingila da Wales ke jinyar wani nasu ba tare da albashi ba, kuma miliyan 1.5 daga ciki suna yin awa 50 ko fiye a mako. Ƙungiyar Carers UK da masu bincike na Jami'ar Sheffield sun ƙiyasta darajar wannan aiki a kan fam biliyan 162 a shekara, abin da ya yi kusa da kuɗin da ake kashewa a kan NHS kanta. Idan masu jinya suka durƙushe, asibitocinku ne za su fara jin nauyin. Saboda haka abin da muke nema amfanin kowa ne.

Kukanmu na farko, kuma shi ne uwar sauran, ba a tambayarmu, ba a rubuta mu.

A 2019 hukumar NHS ta Ingila ta fitar da ma'aunan da asibitin unguwa zai bi don tallafa wa masu jinya, kuma abu na farko a ciki shi ne a gano su a sa su a rajista. Aikin bai fi na minti biyu a kwamfuta ba: a sa alama a bayanan mutum cewa yana jinyar wani. Amma wannan alama ce ke buɗe komai. Da ita ake kiran mutum rigakafin mura na kyauta kowace shekara, domin wanda shi ne babban mai kula da tsoho ko mai naƙasa ya cancanta. Da ita aka nemo masu jinya da yawa a farkon 2021, lokacin da aka sa su a rukuni na shida na rigakafin korona. A cikinmu akwai waɗanda suka zauna jiran layin shekarunsu, suna shiga suna fita wajen mara lafiya mai rauni da zuciya a hannu, alhali da an rubuta su da tuni an kira su.

Na san abin da za ku ce: ai akwai tambayar a fom ɗin rajista, kuma akwai takarda a manne a bango. Gaskiya ne, akwai. Amma ku tuna da wa kuke magana. Matar da aka tarbiyyantar a gidan Hausa ba ta ɗaukar wankan mijinta ko goge wa uwar mijinta jiki a matsayin wani aiki da za a rubuta a fom. Aure ne a wurinta, biyayya ce, neman lada ne. Idan ta ga tambayar za ta sa a'a da zuciya ɗaya, ba ƙarya ta yi ba. Ɗan da ke kula da mahaifiyarsa kuwa zai ji kamar gori ne ya ce yana yi mata wani abu. Kuma a cikinmu a ce "na gaji" abin kunya ne. Wadda ta faɗa, za a ce ta kasa haƙuri, ko ta fara ɗaukar halin Turawa. To idan kun zauna jiran ranar da Bahaushiya za ta zo da ƙafarta ta ce a rubuta ta, za ku daɗe kuna jira. Tambayar da za ta amsa ita ce ta zahiri: wa ke ba shi magani? Wa ke tashi da shi cikin dare? Wa ke yi masa wanka? Idan kin kwanta ciwo yau, wa zai karɓe ki? Wannan ta ƙarshen, na sha ganin ta sa mace ta yi shiru, sannan hawaye ya zubo.

Kuka na biyu shi ne batun sirrin mara lafiya. Ba mu ja da ƙa'idar ba, mun san amfaninta. Amma ga yadda take faɗo mana. Maigidana, bayan ciwon, maganarsa ta yi nauyi. Yana fahimtar komai, amma kalma ɗaya sai ta ɗauke shi lokaci kafin ta fito, a waya kuwa ba a jin sa sam. Na kira don jin sakamakon gwajin jininsa, saboda ni ce ke jera masa ƙwayoyi a akwatin nan mai gida bakwai kowace Lahadi da daddare, kuma an ce ƙila a canza masa ɗaya. Aka ce ba za a iya gaya mini ba, sai shi. Na kara masa wayar a kunne. Ina kallon leɓensa yana rawa yana ƙoƙarin faɗin ranar haihuwarsa, gumi ya feso masa a goshi, can aka ce ba a gane ba, a zo da shi. Mutumin da ya yi shekaru yana koyar da ɗalibai. Ranar bai ci abincin dare ba.

Sai daga baya, kuma ba daga bakin asibiti ba, na ji cewa abin yana da sauƙi: mara lafiya ya ba da izini sau ɗaya, a rubuta a bayanansa cewa an yarda a yi magana da wance, shi ke nan. Har ana iya ba mai jinya damar neman magani da ganin likita a madadinsa ta manhajar NHS. Me ya hana a faɗa mana tun ranar farko? Wanda ya fi wannan nauyi shi ne takardar wakilci ta dindindin, wadda dokar 2005 kan ƙarfin hankali ta tanada, inda mutum yake naɗa wanda zai yanke masa shawara kan lafiyarsa ko dukiyarsa idan hankalinsa ya gushe. Sharaɗinta shi ne a yi ta tun mutum yana cikin hayyacinsa. 'Yar'uwarmu mai jinyar surukarta ba ta ji labarinta ba sai da gigin ya yi nisa, lokacin ƙofa ta rufe, sai dai a bi ta kotu, da kuɗi da dogon jira. Likitan da ya fara ganin alamar mantuwa a dattijuwar nan shi ne ya fi kowa dacewa ya ce wa iyalin, ku je ku yi wannan takarda yanzu.

Na uku, lokaci. Ƙarfe takwas na safe ake buɗe layin waya, kuma wanda bai kira a lokacin ba ya rasa gurbin ranar. Ku zo ku ga gidan mai jinya da ƙarfe takwas. A lokacin nake zaunar da maigida a bakin gado, in sa kafaɗata a ƙarƙashin hammatarsa ta ɓarin da ya mutu, in ƙirga masa, mu miƙe tare, in juya shi zuwa keke. Daga nan banɗaki, alwala, canza kaya, kunu, magani. A tsakani yara suna neman safa da kuɗin mota. Babu hannun da ya rage na riƙe waya ana jin kiɗa ana cewa kai ne na goma sha kaza a layi. Fom ɗin intanet da aka kawo ya taimaki wasu, amma ga wadda Turancinta na kasuwa ne, shafi bayan shafi na tambayoyi wani katanga ne daban.

Idan an dace an samu, minti goma ne, kuma na mara lafiya ne. Ciwon bayana, wanda ɗaga shi kullum ya jawo mini, na daɗe ina ɗauke da shi ban kai ba, don ganin likita na kaina yana nufin in nemo wanda zai zauna da shi, in sake shiga layin ƙarfe takwas. Haka kowaccenmu take yi. Wasiƙar gwajin bakin mahaifa ta zo, a sa ta a kan firji. Ta gwajin nono ta zo, a ɗora a kanta. Uwar yaro mai sikila ta gaya mana cewa ta san adadin jinin ɗanta na kowane wata a ka, amma ba ta tuna rabon da a auna nata hawan jinin ba. Kun fi mu sanin yadda hawan jini da ciwon suga suke yi wa mutanenmu kisan mummuƙe.

Na huɗu ya fi ci mini rai, domin ya shafi yara. Ana yawan barin 'ya'yanmu su zama tafinta. Yarinya 'yar shekara goma sha biyu a tsaye tsakanin kakarta da likita, ana tambayar fitsari da bayan gida da abin da ya shafi al'aura. Yarinyar za ta sunkuyar da kai ta rage maganar, kakar ma za ta ɓoye rabi don kunyar jika, likita ya rubuta magani a kan rabin labari. Ƙa'idar da NHS ta Ingila ta fitar a 2018 kan tafinta a asibitocin unguwa ta ce a samar wa mara lafiya ƙwararren tafinta kyauta, kuma kada a yi amfani da wanda bai kai shekara 16 ba, sai in rai ne ake ceto a take. Ana samun tafintan Hausa ta waya. Abin da ke faruwa shi ne, da an ga an zo da wani mai jin Turanci, sai a ga an huta. Wani lokaci kuma, da an ga Najeriya a takarda, sai a ɗauka ai kowa Turanci yake yi, ko a haɗa mutum da tafintan wani harshe na Najeriya da ba ya ji ko kaɗan.

Kuma yaran nan ba tafinta kaɗai suke yi ba. Ƙidayar 2021 ta samu yara kusan 120,000 masu shekara 5 zuwa 17 a Ingila da ke jinyar wani a gida. Namu suna ciki, ko an ƙirga su ko ba a ƙirga ba. Babbar 'yata ita ke zama da mahaifinta idan na fita cefane, ita ke tashi idan ya faɗi ni kaɗai ban iya ɗaga shi. Ina alfahari da ita, ina kuma jin nauyin abin a zuciyata idan na ga tana gyangyaɗi a kan littafi. Dokar yara da iyali ta 2014 ta ba irin waɗannan yara haƙƙin a duba bukatunsu, kuma akwai ƙungiyoyin da ke fitar da su su huta su yi wasa da sa'o'insu. Ba wanda ya taɓa tambaya ta ko akwai yaro a gidan da ke taimakawa.

Sai batun abin da doka ta ba mu wanda ba mu sani ba. Dokar Care Act ta 2014, wadda ta fara aiki a Afrilun 2015, ta wajabta wa ƙaramar hukuma ta zauna da duk baligin da ke jinyar baligi ta auna halin da yake ciki, kyauta, komai kuɗinsa kuma komai yawan awannin da yake yi. Daga wannan zama ne ake iya samun mai karɓar mutum na 'yan awanni ya huta, ko horo kan yadda ake ɗaga mara lafiya ba a karya baya ba, ko tsarin ko-ta-kwana na wanda za a kira idan mai jinya ya faɗi. Fiye da shekara goma da fara dokar, a zamanmu na Asabar waɗanda suka taɓa jin labarinta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

A nan akwai wani abu da ku kaɗai za ku iya warwarewa. Mutanenmu suna tsoron ƙaramar hukuma. Da an ambaci ma'aikatan jin daɗin jama'a, abin da ke zuwa ran uwa shi ne za a ƙwace mata 'ya'ya, abin da ke zuwa ran ɗa shi ne za a kai mahaifiyarsa gidan tsofaffi a ce ya kasa. Waɗanda kuma bizarsu ke ɗauke da sharaɗin hana cin kuɗin gwamnati suna tsoron ko tambaya ma za ta ɓata musu takarda. Gaskiya ne alawus ɗin da gwamnati ke ba masu jinya yana cikin abin da aka hana su. Amma rajista da asibitin unguwa da ganin likitansa kyauta ne ga kowa, ko wace irin takarda yake da ita, kuma alamar mai jinya a bayanan asibiti ba kuɗin gwamnati ba ce. Idan takardar bango ce ta faɗi haka, ba za a yarda ba. Idan Likita ne ya faɗa da Hausa, yana kallon idon mutum, za a yarda. A cikin masu irin wannan biza akwai mata da ke kwana suna kula da tsofaffin wasu a gidajen kula da tsofaffi don albashi, gari ya waye su dawo su ɗora da jinyar nasu. Su ne suka fi kowa gajiya a cikinmu, kuma su ne suka fi kowa yin shiru.

Shi kansa alawus ɗin, ga waɗanda suka cancanta, fam 83.30 ne a mako a ƙa'idar Afrilun 2025, kuma sai mutum yana yin aƙalla awa 35 a mako. In an raba, bai kai fam biyu da rabi a awa ba, a shekarar da mafi ƙarancin albashin babba ya kai fam 12.21 a awa. Wannan ba laifinku ba ne, kukansa na majalisa ne. Abin da ya shafe ku shi ne gargaɗi. Akwai iyakar abin da mutum zai samu a wurin aiki, fam 196 a mako a wannan ƙa'ida, kuma wanda ya haura ko da kaɗan ya rasa alawus ɗin wannan makon dukansa. Dubban masu jinya a ƙasar nan sun wayi gari da bashin da hukuma ke bin su saboda sun haura ba su sani ba, har abin ya zama abin kunya ga gwamnati a 2024 aka sa a yi bincike. Duk wanda za ku tura neman alawus, a haɗa shi da mai ba da shawara da zai yi masa lissafi. Haka kuma masu aiki a cikinmu da yawa ba su san cewa tun 6 ga Afrilun 2024 doka ta ba ma'aikaci hutun mako ɗaya a shekara don jinya ba. Ba a biya, amma ba a korar mutum a kansa.

Zan taɓa sallama daga babban asibiti a gurguje. Dokar lafiya ta 2022 ta ce a sa mai jinya cikin shirin sallamar mara lafiya. Sau da yawa abin da muke samu shi ne kiran waya a ce a zo a ɗauke shi, da leda cike da magani. Wannan ba a hannunku yake ba. Amma takardar sallamar tana zuwa teburinku, kuma makon farko a gida shi ne mafi tsanani: ba ka san yadda ake juya mutum don kada gyambon kwanciya ya kama shi ba, ba ka san wa za ka kira a kawo ƙunzugun manya ba.

Mun san halin da kuke ciki. Mun san likita ɗaya yana ganin mutane da yawa fiye da kima a yini, ya koma gida da takardu, kuma wasunku ma jinya suke yi, ko a nan ko ta hanyar aika kuɗi da kwana a waya da 'yan'uwa a gida. Shi ya sa muka tace buƙatunmu, muka bar waɗanda ba sa cin kuɗi mai yawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mun nuna muku namu, ga abin da muke roƙo.

Ku tambaya. Duk lokacin da aka shigo da mai shanyewar jiki, ko mai gigin tsufa, ko yaro mai sikila, ko mai wankin ƙoda, ku juya ga wanda ya rako shi ku yi masa tambayoyin nan na zahiri, sannan ku sa masa alama a bayanansa a take, da izininsa, ba tare da an ce ya je ya cika wani fom ya dawo ba. Idan a wani asibitin yake da rajista, ku gaya masa ya je can a sa masa. Ku tambayi maza ma, domin namiji mai jinya ya fi mace ɓoyewa. Ku tambaya ko akwai yaro a gidan da ke ɗauke da wani ɓangare na aikin.

A wannan zaman dai, ku nemi izinin mara lafiya a rubuta sunan wanda za a riƙa magana da shi, yadda ma'aikacin tebur zai gani da zarar ya buɗe kwamfuta. Idan ciwon mai taɓa hankali ne, ku ambaci takardar wakilci tun da wuri, ko da iyalin sun ji nauyin maganar. Za su gode muku daga baya.

Ku sassauta wa wanda ke da alamar mai jinya wajen ba da lokaci. A bar shi ya nemi gurbi ba sai ƙarfe takwas ba. A haɗa nasa ganin likita da na mara lafiyarsa a jere, fita ɗaya ta wadatar. Idan nas za ta zo gida yi wa mara lafiya allurar mura, a yi wa mai jinya tare. Sau ɗaya a shekara a kira shi don kansa: a auna jini, a auna suga, a tambayi bayansa da barcinsa da zuciyarsa. Idan kun zo tambayar damuwa, ku san cewa amsar farko "alhamdu lillahi" ce, kuma gaskiya ce, amma akwai magana a bayanta ga wanda ya ƙara jira kaɗan.

Ku rubuta harshen mutum daidai a bayanansa, Hausa, ba sunan ƙasarsa ba, ku nemi tafinta tun lokacin ba da gurbi, mace ga mace inda hali ya yi. Idan an zo da yaro don ya fassara, ku gode masa ku ce ya jira a waje.

Kowane asibiti ya ware mutum ɗaya da aka san shi da sha'anin masu jinya, kamar yadda wasu asibitocin unguwa suka riga suka yi, a san sunansa, a san ranar da ake samunsa. Tun 2019 an ɗauki ma'aikatan da aikinsu shi ne haɗa mutane da taimakon da ke cikin unguwa wanda ba magani ba. Ku haɗa mu da su kai tsaye, su kuma su kira mu. Idan aka miƙa wa mai jinya takarda aka ce ta kira lambar da ke jiki, a jaka za ta ƙare. Haka nan turawa zuwa ƙaramar hukuma da cibiyar masu jinya ta yanki, ku tura da kanku idan mutum ya amince, bayan kun kwantar masa da hankali kan tsoron da na ambata. Kuma idan takardar sallama ta iso, wani ya ɗaga waya cikin makon ya tambayi wanda ke riƙe da mara lafiyar yadda ake ciki.

Kafin azumi, ku kira masu jinyar masu ciwon suga da na ƙoda ku tsara musu lokutan magani. Mu ne ke tsaye tsakanin dattijon da ya rantse sai ya yi azumi da takardar da ta ce a sha ƙwaya da rana, kuma maganar likita Musulmi tana da nauyin da tamu ba ta da shi a wurinsa.

Roƙo na ƙarshe ba na ofis ba ne. Ku fito ku same mu inda muke. Ana yin makon masu jinya kowane watan Yuni a ƙasar nan, amma mutanenmu ba sa zuwa tarukan da ake shiryawa a ɗakunan karatu. Suna masallaci ranar Juma'a, suna wurin suna da walima, suna ƙofar Islamiyya ranar Asabar. Likita ɗaya ya nemi minti goma a wurin liman bayan sallah, ya ce wa jama'a da Hausa: wanda ke jinya ya je a rubuta shi, ba a ƙwace 'ya'yan kowa a kan haka, ba ya taɓa biza, kuma neman hutu ba ya rage lada. Likita mace ta zo zamanmu da na'urar awon jini. Mun riga mun yi magana da masu kula da wurin, sun ba mu ɗaki da kujeru, mu kuma za mu tara matan, mu samo masu zama da marasa lafiyarsu na awa biyu don su samu fitowa. Wanda ya shirya zuwa, ya sanar da limamin masallacin garinsa ko shugabar matan Islamiyya, saƙon zai iso gare mu.

Wassalamu alaikum.

'Yar'uwarku mai jinya,
a madadin masu jinya na zaman Asabar.